Gidan limamin coci na Alfriston: yaya itace, laka da jinka suka kai shekara 600?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a sashen zanen gine-gine. A wani darasi an nuna mana hoton wani gida mai rufin ciyawa a ƙauyen Alfriston na ƙasar Ingila, aka ce gidan limamin coci ne, ya haura shekara 600, kuma wai fam 10 kacal aka saye shi. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya za a yi gidan itace da laka da jinka ya kai waɗannan shekaru? Akwai wani abu a tsarinsa da ke nuna cewa na malamin addini ne? Kuma in har yana da daraja haka, me ya sa aka yi masa kuɗin banza?"

Yawwa ƙanena, sannu da ƙoƙari. Tambaya uku ka ƙulla wuri guda: me ya hana gidan faɗuwa, me ya mai da shi gidan limami, sannan me ya karya masa farashi. Zan fara da ta tsakiya, domin in ka gane ta, sauran biyun za su zo maka da sauƙi. Amsarta a gajarce ita ce babu. Babu wani abu a ginin nan da ya keɓanta da addini. Gida ne irin wanda manomi mai hali yake ginawa a kudu maso gabashin Ingila a wajajen shekarar 1400, sai dai shi wannan a filin coci yake, kuma a hannun coci ya yi yawancin rayuwarsa. Wannan mallaka ta coci ita ce ta tsare masa kamanninsa, ita ce kuma ta kusa halaka shi.

Limamin da abin da yake ci

Alfriston ƙauye ne a yankin Sussex ta Gabas, a bakin kogin Cuckmere, ba nisa da teku. Gidan yana gefen dandalin ƙauyen, dab da cocin St Andrew, wanda aka gina da dutsen ƙyastu a ƙarni na 14. Cocin ya yi wa ƙauyen girma ƙwarai, har mutanen yankin suna yi masa kirari da babban cocin tuddai.

A wancan zamani an raba ƙasar Ingila gunduma-gunduma, kowace da cocinta da limaminta. Limami ba albashi yake karɓa ba. Ushiri yake ci, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da gundumar ta samar, ga kuma gonar coci da yake nomawa ko ya ba da haya. Ushirin ma kashi biyu ne. Akwai babba: hatsi, harawa da itace. Akwai ƙarami: 'yan raguna, gashin tumaki, madara, ƙwai, kayan lambu da makamantansu. Wanda kujerar take hannunsa, wato rekta, shi ke da duka biyun. To amma sau da yawa sai a miƙa kujerar ga wani gidan 'yan zuhudu, su zama su ne rekta a takarda, su kwashe babban ushiri, su ajiye na'ibi a ƙauyen yana yi wa jama'a ibada da ɗaurin aure da jana'iza, a bar masa ƙaramin ushiri. Abin ya yi yawa har babban taron coci na Lateran a 1215 ya ce dole a ware wa na'ibi abin da zai ishe shi. Daga nan bishof-bishof suka riƙa rubuta sharuɗɗa in za a yi irin wannan miƙawa, kuma cikin sharuɗɗan galibi har da gida: babban ɗaki, ɗakunan kwana, madafa, wani lokaci da bargar doki.

Haka ta faru a Alfriston. A 1398 aka miƙa cocin ga gidan 'yan zuhudu na Michelham, wanda aka kafa tun 1229, yana 'yan mil kaɗan daga ƙauyen. Ka riƙe wannan shekara, za ta yi mana amfani nan gaba.

Wani zai ce, cocin Ingila a lokacin na Katolika ne, limamin Katolika kuma ai ba ya aure, me zai yi da gida mai ɗakuna haka? Gaskiya ne an hana su aure, tun taron Lateran na 1139 aka tsaurara dokar. Amma rashin mata ba ya nufin zaman kaɗaici. Yana da bara, yana da mai dafa masa, sau da yawa akwai ƙaramin limami ko magatakarda da ke zaune tare da shi, ga haƙƙin saukar baƙo da ciyar da matafiyi da ke wuyansa. Ƙari a kan haka manomi ne, mai rumbu da dabbobi. Don haka bukatarsa da ta maƙwabcinsa mai gona ba su da wani bambanci, kuma kafinta ɗaya ne zai yi musu aiki.

Yadda aka tsara gidan

Masana gini suna kiran wannan salo da sunan yankin Weald, dajin da ya ratsa Kent da Sussex, inda aka fi samun irinsa. An yi yayinsa daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 16, kuma ɗaruruwansu suna nan tsaye har yau, yawancinsu an sake musu fuska har ba za ka gane su daga waje ba.

Ka ɗauka gidan kashi uku ne a jere ƙarƙashin rufi guda. Na tsakiya babban ɗaki ne wanda ba shi da bene ko silin, in ka ɗaga kai har ƙoƙon rufi kake gani. Ɓangarorin biyu na gefe kuwa kowanne hawa biyu ne. A irin waɗannan gidaje benen gefe yakan turo gaba, ya leƙo ya wuce bangon ƙasa da kamar kamu ɗaya ko biyu, shi kuma babban ɗakin ya zauna a ciki kamar an tura shi baya. Sai matsala ta taso: rufin miƙaƙƙe ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, amma bangon tsakiya ya ja baya, to me zai ɗauki bakin rufin a nan? Kafintocin suka ɗora wani dogon gungume daga bene zuwa bene, yana tsallake gaban babban ɗakin a sarari, suka tokare shi da lanƙwasassun itatuwa daga gefe. Wannan gungume mai shawagi da inuwar da ke ƙarƙashinsa su ne tambarin salon. In ka gan su a hoto, ka gane gidan ko ba a gaya maka ba.

An daɗe ana muhawara a kan dalilin turo benen waje. Wasu sun ce don ƙarin fili ne, wasu sun ce don ya kare bangon ƙasa daga ruwa, wasu kuma sun ce nauyin bangon sama a bakin katakan bene yana hana su lotsawa a tsakiya. Duk akwai ƙamshin gaskiya. Amma a ganina, a ƙauyen da fili ba ya tsada, babban dalili shi ne nuna isa. Aiki ne mai cin itace da cin kuɗi, kuma shi ya sa kusan kullum ta gefen da ke kallon hanya ake yin sa.

In ka shigo ta ƙofa, ba kai tsaye cikin ɗakin za ka faɗa ba. Akwai wani lungu da ya ratsa gidan daga ƙofar gaba zuwa ta baya, a ƙarshen babban ɗakin. Wannan lungu shi ya raba gidan biyu ta fuskar matsayi. Gefe guda akwai ƙananan ɗakuna biyu na ajiya, ɗaya na burodi da busasshen abinci, ɗaya na abin sha. Wannan shi ne ɓangaren ƙasa, na barori. Ɗaya gefen kuwa babban ɗakin ne, kuma duk taku ɗaya da ka yi cikinsa kana matsawa wajen girma, har ka kai bangon ƙarshe inda teburin maigida yake, da benci a jikin bango. Bayan wannan bango ɗakinsa ne na keɓe, sama da shi kuma ɗakin kwana. Gungumen da ke saman kujerar maigida shi ake ƙawatawa da sassaƙa, don duk wanda ya shigo idonsa can zai fara sauka. A Alfriston, a jikin ɗaya daga cikin gungumen babban ɗakin, akwai ganyen itacen oak da wani masassaƙi ya zana. Ana yawan cewa daga nan National Trust, ƙungiyar adana tsofaffin gine-gine da filaye wadda ta sayi gidan daga baya, ta samo tambarinta na ganyen oak, wanda ta fara amfani da shi a 1936. Labari ne mai daɗin faɗi, amma ka ɗauke shi a matsayin ana cewa.

Na san hankalinka zai kai ga zaure, kuma akwai kama: wuri ne na karɓar jama'a da nuna matsayin mai gida. Amma zaure a bakin gida yake, aikinsa ya tsayar da baƙo kada ya wuce. Wannan ɗakin shi ne cibiyar gidan kansa. A nan ake cin abinci, a nan ake lissafin ushiri, a nan barori ke shimfiɗa su kwana kusa da wuta, kuma ba ka isa ka je daga wannan ƙarshen gida zuwa wancan ba sai ka ratsa ta cikinsa.

Wutar ita ce dalilin tsayin ɗakin. Babu bututun hayaƙi. Murhu a tsakar ɗaki yake, a ƙasa, hayaƙi ya tashi ya taru a sama ya riƙa sulalewa ta 'yan ƙofofi a ƙarshen rufi da ta cikin jinkar kanta. In ɗakin gajere ne, ba mai iya zama. Tagogin ma ba gilashi, sandunan itace ne a tsaye da murfin katako mai zamewa, don haka zaɓi biyu ne da hunturu: haske da sanyi, ko ɗumi da duhu da hayaƙi. Lokacin da nake koyon gyaran tsofaffin gine-gine a kudancin Ingila, abin da ake fara sa mu yi a kowane tsohon gida shi ne hawa cikin rufi da tocila. Gida ne da ka gani daga waje da jan bulo da tagogin gilashi, ka rantse bai wuce shekara 200 ba. Sai ka shiga sama ka tarar itatuwan tsaiko baƙi ƙirin, kunkunniya ta daskare a jikinsu kamar kwalta, in ka shafa ta manne maka a yatsa. Wannan baƙin shaida ce cewa an taɓa hura wuta a tsakar ɗakin da ke ƙasa kafin a shimfiɗa masa bene, kuma inda baƙin ya tsaya cak, nan ne iyakar babban ɗakin na asali.

Shi kansa rufin yana da nasa tsari. A kan babban gungumen da ya ratsa ɗakin daga bango zuwa bango an kafa wani gajeren ginshiƙi a tsakiya, mai rassa da suka buɗe sama. Shi yake ɗauke da wani dogon itace da ya bi tsawon gidan, wanda ke riƙe da itatuwan tsaiko don kada su kwanta gefe guda. Tunda kowa na ganin sa daga ƙasa, shi ma akan yi masa ado.

Ƙasan babban ɗakin na Alfriston daɓe ne, na alli da aka dandaƙa aka kwaɓa da nono mai tsami aka buge. Tuddan yankin alli ne zalla, kiwo kuma ga shi nan, saboda haka kayan aikin a bakin ƙofa suke. Sinadarin da ke cikin nonon ne yake ɗaure garin allin, in ya bushe ya yi tauri.

Wa ya gina shi, kuma yaushe?

Shekaru da yawa littattafai suna cewa an gina shi wajen 1350, kuma wani manomi ne ya gina, daga baya coci ta samu. Hujjar ba ta banza ba ce. Annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta shiga Ingila a 1348 zuwa 1349, ta kashe tsakanin sulusi da rabin jama'a. Waɗanda suka tsira sai suka tarar gonaki sun yi yawa, hannun aiki ya yi kaɗan, lada ta tashi, har gwamnati ta yi doka a 1351 don danne ta. Cikin wannan yanayi aka samu manoma masu kuɗin gina gida na gani na faɗa, kuma yawancin gidajen wannan salo nasu ne.

Sai aka zo aka auna itatuwan. Ka san kowace shekara itace yana ƙara zobe guda, mai faɗi in shekarar ta yi kyau, siriri in ta yi tsanani, kuma jerin faɗi da sirantar nan ana iya gwada shi da na wasu itatuwa da aka san shekarunsu. Matsalar kudu maso gabashin Ingila ita ce itatuwan da aka yi gini da su galibi matasa ne masu saurin girma, zobbansu kaɗan ne kuma kusan duk ɗaya, ba sa ba da jeri mai kama hannu. Sabuwar hanyar da ke auna nau'in iskar oksijin da ke cikin kowane zobe ce ta warware ta Alfriston, ta nuna an sare itatuwan tsakanin 1399 da 1407. Kafintocin wancan zamani da ɗanyen itace suke aiki, ba sa ajiye shi ya bushe, don haka shekarar sara da shekarar gini ba su da nisa.

To ka ga inda 1398 ta shigo. An miƙa cocin ga Michelham, cikin shekara goma kuma sabon gida ya tashi a gefen cocin. Ni na fi karkata ga cewa tun asali don na'ibin aka gina shi. Amma ka lura da iyakar hujjar: itace yana faɗin lokacin da gatari ya same shi, ba ya faɗin wanda ya biya kuɗin. Kusancin shekarun ya ƙarfafa zato ne, bai zama takardar shaida ba. Ni kuma mai gini ne, abin da ya shafi takardun bishof da kundin 'yan zuhudu masana tarihin coci ne ke da ta cewa. In kana son misalin da aka san asalinsa sarai, akwai gidan limami na Muchelney a Somerset, wanda 'yan zuhudun wurin suka gina wa na'ibinsu a 1308. Shi na dutse ne, domin dutse ne kayan ginin yankin, amma tsarin ɗaya ne: babban ɗaki a tsakiya, lungu, ɗakuna a gefe. Wannan ma ya ƙara nuna maka cewa limami gidan yankinsa yake shiga.

Abin da ya hana shi faɗuwa

A nan akwai gyara kaɗan a tambayarka. Ba itace da laka da jinka ne suka kai shekara 600 tare ba. Ƙashin gidan ne ya kai, wato itacen. Jinka kuwa an sake ta ba adadi. Baibayar karan alkama takan yi shekara 20 zuwa 30, ta iwa takan ninka haka, ƙoƙon rufi kuma duk bayan shekara 10 zuwa 15 sai an taɓa shi. Yaɓen bango ma ana cire wanda ya lalace a sa sabo. Hikimar ginin ke nan: an raba abin da zai daɗe da abin da za a riƙa sauyawa, kuma sauya na biyun ba ya taɓa na farko.

Itacen oak ne, wanda zuciyarsa ke da wani sinadari mai ɗaci da ƙwari da ruɓa ba sa so. Ana sassaƙa shi yana ɗanye domin a lokacin yake jin gizago, in ya bushe kuma ya yi taurin da ƙusa ma sai ta lanƙwashe. Ba ƙusar ƙarfe ke riƙe da mahaɗan ba. Ana fafe rami a wannan, a fitar da harshe a wancan, a zura, a buga turken itace ya ratsa su. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ramin turken da ke jikin harshen ana ɗan kauda shi kaɗan daga saitin na waje, saboda in an buga turken ya ja itatuwan biyu su matse juna. Duk wannan a filin kafinta ake yi, a ƙasa, a haɗa bango guda a kwance, a yi wa kowace mahaɗa lamba da kurfi, a warware, a kai wurin gini a tayar. Lambobin suna nan a jikin itatuwan irin waɗannan gidaje, layi-layi irin na lissafin Rumawa. Gini ne da yake iya motsi. Ƙasa ta ɗan zauna, itace ya murɗe yayin bushewa, gidan ya karkace amma ba ya tsagewa, shi ya sa ba za ka ga layi guda miƙaƙƙe a hoton ba.

Tsakanin itatuwan kuma saƙa ce ta tsumagu, aka yaɓe ta ciki da waje da laka da aka kwaɓa da ciyawa da kashin shanu, aka shafe da farar ƙasa. Wannan bangon ba ya ɗaukar nauyin komai, cike gurbi kawai yake yi. Yana shan laima ya kuma sake ta, don haka ruwa ba ya kwana a jikin itacen. Rufin yana da gangara sosai, digiri 45 ko fiye, bakinsa ya zubo ya wuce bango, itacen da ke ƙasa duka kuma a kan ɗan gajeren tushe na dutse yake zaune, ba a kan ƙasa ba. Sannan kada mu manta da sa'ar wuri: gara ba ta cikin ƙwarin Ingila. Suna da nasu ƙwaron mai huda katako, amma shi sai itacen da laima ta riga ta taɓa yake samun yadda yake so.

Maƙiyin irin wannan gini shi ne ruwan da ya shiga ya rasa hanyar fita. Na taɓa aiki a wani gida mai ƙashin oak da aka yi wa filastar siminti shekaru da dama kafin zuwanmu, don a huta da gyara. Daga waje sumul. Da muka ɓamɓare simintin a gindin bango, na sa tsinken ƙarfe a jikin itacen ƙasa, sai ya shige har ƙota ba tare da na yi ƙarfi ba, abin da ya fito kamar jiƙaƙƙen garin ganyen shayi. Itacen da ya yi ɗaruruwan shekaru lafiya, siminti ya cinye shi cikin 'yan shekaru. Siminti ba ya motsi tare da itace, sai ya yi 'yar tsaga, ruwa ya shiga, ya kulle shi a ciki. Da na dawo gida na koma aikin ginin ƙasa, cutar da na fi tararwa ke nan a bangon tubali da aka lulluɓe da siminti. In akwai abin da za ka ɗauka daga Alfriston ka yi aiki da shi a nan, wannan ne.

Yadda ya faɗo zuwa fam 10

Cikin ƙarni na 16 abubuwa biyu suka sauya. Na farko, Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen 'yan zuhudu tsakanin 1536 da 1540, Michelham na ciki. Bayansa, a 1549, aka halatta wa limaman cocin Ingila aure, Sarauniya Mary ta soke, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko aka dawo da shi. Limami mai mata da 'ya'ya bukatarsa daban ce da ta gwauro mai barori. Na biyu, yayin zama ya sauya ga kowa. Bututun hayaƙi na jan bulo ya yaɗu, kuma da zarar hayaƙi ya samu hanyarsa, tsayin babban ɗaki ya zama asarar fili. Ko'ina sai aka riƙa shimfiɗa bene a tsakiyarsa, a samu ƙarin ɗakuna, a sa gilashi a taga.

Manomi mai gidan kansa yana da dalilin zuba kuɗi, domin 'ya'yansa za su gada. Limami kuwa ɗan riƙo ne. Doka ta ɗora masa gyara, har magajin kujerarsa yana iya bin dukiyar da ya bari a biya shi kuɗin abin da ya lalace, amma ba abin da zai sa ya rushe ya gina sabo da aljihunsa don wani baƙo ya zo ya more. Saboda haka faci ake yi, ba sabuntawa ba. Daga baya limaman Alfriston suka daina zama a gidan ma gaba ɗaya, aka raba shi aka zuba 'yan haya, ma'aikatan gona marasa ƙarfi. Ba mai kuɗin da zai lulluɓe shi da bulo ko ya sauya masa rufi da fale-falen yumɓu, kamar yadda aka yi wa takwarorinsa. Rashin gata ne ya bar mana ƙashinsa yadda yake.

Amma rashin gata yana da iyaka. A ƙarshen ƙarni na 19 jinka ta zube, ruwa yana sauka kai tsaye a kan itatuwa, hukumomin coci suka ba da izinin rushewa. Abin da ya jinkirta shi ne wata tsohuwa, Harriet Coates, da ke zaune a ciki, aka bar ta har ta rasu a 1888. Sabon limamin da ya zo bayan haka, F. W. Beynon, shi ya ga darajar gidan ya shiga neman taimako. Ya tuntuɓi ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877, ta nan magana ta kai ga National Trust, wadda Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa a 1895. A 1896 ta sayi gidan a kan fam 10. Kafin nan ta samu fili a Wales, amma wannan ne gini na farko da ya shiga hannunta.

Saboda haka fam 10 ba kuɗin gida ba ne, kuɗin kango ne da mai shi ke neman wanda zai sauke masa. Ainihin kuɗin yana wajen gyara, wanda ya ci ɗaruruwan fam, kuma sai da Octavia Hill ta yi ta roƙon jama'a kafin a haɗa su. Alfred Powell ne ya jagoranci aikin bisa aƙidar ƙungiyar Morris: a gyara abin da ya lalace, a bar duk tsohon itacen da zai iya ci gaba da aiki, kada a ƙirƙiro wani tsohon kamanni da ba a da shaidarsa. A lokacin wannan ra'ayi na 'yan tsiraru ne, domin yayin da ake ciki shi ne a kankare tsohon gini a mai da shi sabo fil da sunan maido da asali.

Don haka in za ka yi rubutu a kansa a makaranta, ka rarrabe abin da kake gani a hoton. Manyan ginshiƙai da gungumen babban ɗaki na wajen 1400 ne. Akwai sauye-sauyen ƙarnonin da suka biyo baya, akwai itatuwan da aka dasa a gyaran shekarun 1890, lambun da ke kewaye da shi na ƙarni na 20 ne, jinkar kuma ta zamaninmu ce. In kana son ganin yadda ake zama cikin irin wannan gida da wuta a tsakar ɗaki, nemi hotunan gidan Bayleaf, wanda aka ɗauko daga Kent aka sake tayarwa a gidan tarihi na Weald and Downland da ke Singleton. Salonsu ɗaya, zamaninsu kusan ɗaya, sai dai shi na manomi ne. Ka ajiye zanen ƙasan gidajen biyu gefe da gefe, ka sa alama a lungu, da murhu, da ɓangaren barori, da kujerar maigida, za ka ga kowanne ya faɗa wuri ɗaya.